Mai Shela da Kifin Surukarsa

A duk sashen kiwon lafiya na garin babu wanda Allah ya hore wa murya kamar Mai Shela. Ɗan siriri ne, irin wanda in iska ta taso za ka so ka riƙe masa gefen riga, amma da ya kama makirfo ya yi gyaran murya sai teloli su ɗaga ƙafa daga keke, masu faɗa su tsaya da zagi a baki. Aikinsa shi ne ya shiga tsohuwar motar sashen mai lasifika a ka, Direba ya ja, shi kuma ya sanar da ranar rigakafi da ranar yashe magudanai da amfanin wanke hannu. Shekara da shekaru yana wannan bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ba a fushi da wanda ya ce a wanke hannu, ƙin wankewa kawai ake yi.

A gida kuwa, a bakin ƙofa yake tuɓe muryar nan tare da takalmi. Tun da matarsa ta samu ciki uwarta ta tattaro ya-nata-ya-nata ta dawo gidan, wai don ta kula da ita. Kowa Inna yake ce mata, matar tasa kuma 'Yar Inna. Sana'ar Inna bandar kifi ce. Ta kafa gangar bandarta a tsakar gida, daidai inda dā yake shan iska, kullum da safe masunta su kawo mata kifi daga tafkin da ke bayan kamfanin narkar da tsofaffin batura. Ta gyara, ta jera a kan waya, hayaƙi ya turnuƙe gidan, da yamma ta kai kasuwa. Abin da ya rage shi ne abincin gidan. Mai Shela bai taɓa cin kifi a rayuwarsa kamar a watannin nan ba, har rigunansa na ofis ƙamshin banda suke yi, kyanwoyin layin suna raka shi bakin titi.

Wata safiya Shugaban sashe ya kira taro. A ɗakin akwai ma'aikaciyar ɗakin gwaji, da mutumin kamfani cikin kwat mai sheƙi, da shugaban masunta wanda ya zauna a bakin kujera kamar za a ce masa ya tashi. An kira Mai Shela ne don ya ji saƙon da zai kai wa jama'a.

Ma'aikaciyar gwaji ta miƙe ta ce sun auna ruwan tafkin, sun auna naman kifin, kuma ga abin da take so a faɗa: "Kifin tafkin bayan kamfani yana ɗauke da gubar dalma. Kada a ci, musamman yara da masu ciki. Dafuwa ko banda ba sa fitar da ita."

Mai Shela ya tuna da kifin da ya karya da shi da safe.

Mutumin kamfani ya yi murmushi ya ce shi ba ya jayayya da ilimi, kamfaninsu ma da ilimi yake aiki. Kalmar "bayan kamfani" ce kawai ta dame shi. Tafkin ai yana bayan makaranta, yana bayan tasha, ya danganta da inda mutum ya tsaya ya juya baya. Shugaba ya gyaɗa kai ya ce a cire.

"Ita kuma guba," in ji Shugaba, "kalma ce mai nauyi. Mu aikinmu wayar da kai ne, ba tayar da hankali ba. A ce wasu sinadarai."

"Yallaɓai, guba ce," in ji ma'aikaciyar gwaji.

"Guba ba sinadari ba ce?"

"Sinadari ce."

"To kin gani. Ba mu yi ƙarya ba."

Sai shugaban masunta ya ɗaga hannu. Ya ce shi bai yi karatu ba, amma yana da tambaya. Idan aka ce kada a ci, mutanensa da iyalansu me za su ci? Kuma me ya sa ba za a fara da gaya wa mai zuba abin ya daina zubawa ba? Bututun nan ai kowa yana ganinsa, ruwan da ke fita daga cikinsa ko kwaɗo ba ya kusantarsa.

Cikin ikon Allah a daidai lokacin masinja ya shigo da shayi da biskit, kowa ya duƙufa a kan neman sukari. Da aka gama, Shugaba ya ce ya ji koken masunta kuma ya tausaya, saboda haka "kada a ci" za ta koma "a ci da lura." Ya kuma tuna cewa bara sashen ya yi gangamin abinci mai gina jiki, kifi ne a kan gaba, bai kamata su ƙaryata kansu ba. Kafin a tashi saƙo ya kammala: "Jama'a, kifi na gina jiki. Sai dai an lura da wasu sinadarai a wasu ruwaye. A ci da lura. Saƙo daga sashen kiwon lafiya, da gudummawar kamfanin batir, abokin al'umma."

Kamfani ya ɗauki nauyin man mota, ya sa mata sababbin tayoyi, ya kuma buga huluna masu hoton kifi yana dariya.

Ranar da aka raba hulunan, Mai Shela ya tari ma'aikaciyar gwaji a baranda, ya tambaye ta a hankali ko mutum zai mutu in ya ci. Ta ce da ma a ce faɗuwa ake yi nan take, da tuni kowa ya bari. Taruwa take yi a jiki sannu a hankali, babba ya yi ta ciwon kai da kasala yana ɗora wa aiki laifi, yaro kuma ta taɓa masa ƙwaƙwalwa tun yana ciki. Ta dubi hular da ke hannunsa, ta wuce.

Washegari mota ta fita. Mai Shela ya saki murya, kuma gaskiya ba a taɓa karanta saƙon da bai ce komai ba da daɗi irin haka. A bakin kasuwa wani tsoho ya tsayar da su ya leƙo ta taga.

"Ɗan nan, yaya ake cin kifi da lura?"

Mai Shela ya dubi Direba, Direba ya dubi sitiyari.

"A riƙa cire ƙaya, Baba."

"Allah ya yi wa gwamnati albarka," in ji tsohon. "Da ba ku faɗa ba da mun ƙare."

Ita kuwa kalmar "sinadarai" sai ta ɗauki wata hanya. Jama'a sun saba jin ta a tallan madarar yara da maganin ƙarin jini. Kafin mako ya zagayo, masu kifi suna kiran ciniki da cewa nasu na tafki ne, mai sinadarai, hukuma ma ta tabbatar. Inna ta ƙara ganga ta biyu. Ran nan da Mai Shela ya dawo daga aiki, ita da kanta ta kawo masa kwano da kan wani ƙaton kifi a ciki.

"Ci, ɗan nan," ta ce. "Dā ina cewa 'yata ta auri mai surutu a mota. Ashe surutun ma sana'a ce."

Wannan ne yabo na farko da ya taɓa samu daga bakinta. Ya cinye kan tas, har da idanu, yana gaya wa kansa cewa kai ɗaya ba zai yi komai ba. 'Yar Inna tana gefe tana shan romo. Ya kau da ido.

Asirin ya tonu ne ranar awon ciki. Ya raka 'Yar Inna asibiti, yana zaune a benci a waje sai aka ce nas tana kiran mijin. Nas ɗin babbar mace ce mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta tambayi 'Yar Inna abin da take ci, ta ji amsa, shi ne ta ce a shigo da shi. Da ya yi sallama ta ɗago kai.

"Tsaya. Sake magana in ji."

Ya sake.

"Kai ne kifi na gina jiki?"

Ya ce umarni aka ba shi.

"Takardar ɗakin gwaji ta zo mana nan, mun karanta. Kullum ina hana matan nan, kullum suna ce mini motar hukuma ta ce a ci. Ashe motar hukumar a gidanta ma take zuba wa matarta." Ta juya ga 'Yar Inna ta yi mata bayani dalla-dalla, ta rubuta mata gwajin jini, ta ce daga yau ko romon kada ta kusanta.

A hanyar gida, da suka sauka daga mota, 'Yar Inna ta juyo ta dube shi.

"Ka sani?"

"Wato, an ce wasu sinadarai..."

"Ba motar ofis nake tambaya ba. Kai nake tambaya."

Ya ce ya sani.

Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da kukan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce ya je ya gaya wa Inna yau ɗin nan. In ita ta faɗa, Inna za ta ce tsirfar masu ciki ce. Shi ne ma'aikacin lafiya, shi ya iya magana, gari duk ya shaida.

Da yamma ya je ya durƙusa kusa da ganga. Inna tana juya kifi.

"Inna, dama... kifin nan ne."

"Gishiri ya yi yawa?"

"A'a, ya yi daidai."

"Bai ji wuta ba?"

"Ya ji sosai."

"To mene ne?"

Ta juyo ta zuba masa ido, hayaƙi yana tashi a bayanta. Ya buɗe baki, muryar da ke tsayar da kasuwa ta gudu ta bar shi. Ya ce dama sannu da aiki ya zo yi mata.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama abin tausayi. 'Yar Inna ta koma shayi da burodi da dafaffen ƙwai. Inna ta ce ai ta san wannan, ita ma da cikinta na fari ta tsani albasa, sai ta shiga daka kifin tana ɓoye shi a cikin miya don jikanta ya samu sinadarai. 'Yar Inna ta gane, ta daina cin miyar. Mijin kuwa ta daina yi masa magana gaba ɗaya, in tana son wani abu sai ta gaya wa bango, shi kuma ya ji.

Wata ranar aiki da hantsi, suna zagayen unguwanni, Mai Shela ya ce wa Direba ya karya kwana ta hagu.

"Nan ai layinku ne."

"Na sani."

"Mantuwa ka yi?"

"Tsaya a ƙofar nan mai hayaƙi. Kada ka kashe inji."

Direba ya tsaya. Mai Shela ya ɗaga gilashi ya danna makulli, ya cire hular kifi ya ajiye a cinya. Da makirfo ya taɓa leɓensa sai muryar ta dawo, cikakkiya, kamar ba ta taɓa gudu ba.

"Jama'a, a saurara. Kifin tafkin bayan kamfanin batir yana ɗauke da guba. Na ce guba. Gubar dalma ce, daga bututun da kowa ya sani. Dafuwa ba ta fitar da ita, banda ba ta fitar da ita. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yara tun suna ciki. Kada a ci. Wannan saƙo ne ga kowa da kowa, musamman wata baiwar Allah mai sana'ar banda a wannan layi, wadda muke matuƙar girmamawa."

Direba ya sulale a kujera har hularsa kaɗai ake gani. Tagogi suka buɗe, mai kanti ya fito da ma'auni a hannu, matan da ke layin famfo suka bar bokitai suna ambaliya. Ƙofar gidan ta buɗe, Inna ta fito riƙe da ƙarfen da take juya kifi da shi. Ta zo ta ƙwanƙwasa gilashin.

"Sauke."

"Inna, ina bakin aiki," in ji lasifika, unguwa duk ta ji.

"Ni za ka tona wa asiri a ƙofar gida? Ba ka da baki ne a ciki?"

"A ciki ba ni da shi, Inna. Na gwada."

Wani ya tuntsire da dariya, aka harare shi ya haɗiye. Inna ta ce ita tun kafin a haifi uwarsa take cin kifin tafkin nan, ga ta garau. Lasifika ya amsa cikin ladabi cewa lokacin ba a gina kamfanin ba, kuma ciwon kan da take sha kullum tana cewa hayaƙi ne, ya kamata a duba. Ta ɗaga ƙarfen, sai kuma ta sauke. Ta waiga ta ga 'yarta tsaye a bakin ƙofa, hannu a kan ciki.

"Abin da ke cikin nan," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "zai taɓa shi?"

Mai Shela ya ajiye makirfo, ya sauke gilashin. "Zai iya, Inna. Shi ya sa ta daina ci."

"Tun yaushe ka sani?"

Ya faɗa mata.

"Ka sani, na ba ka kai ka cinye har da idanu? Ina ɗura wa 'yata kana kallo?" Ta girgiza kai. "Ni jahilci ya sa ni. Kai fa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta koma ciki, jim kaɗan aka ji ƙarar ruwa a kan garwashi, farin tururi ya tashi ta saman katanga.

Ashe wani ya naɗi shelar a waya. Kafin la'asar ta gama gari, har da wurin "a ciki ba ni da shi, Inna," wanda ya zama abin da maza ke faɗa wa juna a wurin shayi. Rumfunan kifi suka yi fayau. Kamfani ya fitar da sanarwa cewa bututun ba nasa ba ne, ta jikin katangarsa kawai ya ratsa, kuma yana binciken inda ya fito. Shugaba ya kira Mai Shela ya wanke shi tas, ya ce ya zubar da mutuncin sashe, ya ɓata dangantaka da abokin al'umma, ya kuma yi amfani da man gwamnati wajen rikicin cikin gida. Yana shirin dakatar da shi sai waya ta zo daga sama, ana yaba wa sashen da wannan sabuwar dabara ta kai saƙo har ƙofar gida. Shugaba ya ce dama sun jima suna nazarin dabarar. Shi aka gayyata babban birni ya karɓi lambar yabo, ya yi jawabi a kan jarumtar faɗin gaskiya.

Mai Shela kuwa aka yi masa ƙarin girma zuwa ɗakin ajiya, inda yake tsaron gidajen sauro da katan-katan na sabulu. Motar shela aka kai ta gyara, ba ta dawo ba. Masunta aka yi musu alkawarin tafkunan kiwo, aka kafa kwamiti, kwamiti ya sha shayi. Shugaban masunta ya haɗu da shi a titi wata rana, bai amsa gaisuwarsa ba. Ya ce masa kawai, "Ka rufe mana baki, bututu yana nan a buɗe."

Gwajin 'Yar Inna ya nuna abin ya shiga jininta, amma likita ya ce an tare da wuri, za a ci gaba da duba ta da abin da za ta haifa. Ta dawo tana yi masa magana, ba duka ba. Inna ta koma sayen kifin gonar kiwo daga wajen gari, mai tsada, mai ƙarancin riba, kuma ba ta bari rana ta faɗi ba ta tuna masa ba. Ita ma ta je an duba ta, ta dawo da magani da kuma ƙorafin cewa nas ɗin ba ta da kunya.

Bayan 'Yar Inna ta sauka lafiya, an samu mace, sai aka aiki Mai Shela wani gari mai nisa ya karɓo kayan ajiya. Yana jiran mota a tasha ya hangi teburin mai kifi, an jera banda baƙi sumul. Ya san jerin, ya san girman, ya kuma san cewa tun da kasuwar garinsu ta mutu motoci suke kwasar kifin tafki da sassafe suna yin nesa da shi. Ya matsa ya tambayi mai teburin daga ina kifin yake.

"Mai tsabta ne, Malam," in ji ta. "Ka ji labarin mutumin nan da ya yi wa surukarsa shela a waya? To shi da kansa a wurina yake saye."

"Shi da kansa?"

"Duk mako. Wani ƙaton mutum ne, mai ƙirji haka."

Kusa da shi wata mata tana zaɓa, da yaro a kafaɗa, wani kuma yana riƙe da gefen zanenta. Mai Shela ya sunkuya ya gaya mata a hankali inda yake zaton kifin ya fito da abin da ke cikinsa, ya ce kada ta ba yaran. Mai teburin ta ji, ta hau shi da masifa, tana kiran jama'a su zo su ga ɗan baƙin ciki.

Matar ta dube shi, ta dubi kifin, ta dubi yaran.

"To Malam, in ban ba su wannan ba, me zan ba su? Nama za ka saya mini?"

Ya ce ko wake, ko ƙwai. Ta yi ɗan murmushi irin na wadda ta san farashin ƙwai. Ta daɗe tana juya kifin a hannu. Daga ƙarshe ta mayar da manyan, ta ɗauki ƙanana guda biyu, ta ce na maigidan ne kawai, ta ja yaranta suka tafi. Kwandasta yana ta kiran fasinja, Mai Shela ya ɗauki katan ɗinsa ya shiga mota, mai teburin tana binsa da zagi har suka fita daga tashar.